Inna Tana Jiran Amshi

Litinin, 22 ga Afrilu, 2024

Yau ma ta kira sunana. "Badi'a, ba ni ruwa." Ɓaro-ɓaro, ko ɗar babu. Na miƙa mata moɗa, na zaga bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na tafi lakwal, makarantar da nake koyarwa.

Ni ce ɗiyar fari. Na haura hamsin a duniya, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba sai bana. "Ke" nake, ko "waccan", ranar da na ɓata mata rai kuma "mai kunnen ƙashi". Ko wata Badi'ar ce ta shigo gidanmu, sai Inna ta ce mai sunan waccan. Ina yarinya haushi nake ji, in ga tana kiran Mahfuz ƙanena da sunansa har da shafa kai. Sai da na haihu na gane.

To tun da ciwon mantuwar nan ya kama ta na ɗauko ta na dawo da ita wurina, kullum sai ta tambaye ni ko ni ɗiyar wa ce. Na gaji na ce mata sunana Badi'a. Ta karɓa kamar sunan baƙuwa. Maƙwabta sai cewa suke ai sauƙi ya samu, tana gane ki. Ba su san kome ba. Ranar da ta gane ni, sunan nan ba zai fito daga bakinta ba. Ranar nake roƙon Allah ya nuna mini kafin ya ɗauke ta.

Laraba, 24 ga Afrilu

Sabon salo. Da safe na kai mata kunu, ta dubi kofin, ta gyara zama, sai waƙa. Inna da waƙa! Matar da ko a gidan biki ban taɓa ganin ta tafa hannu ba. Baiti guda ta yi, wai igiyarta ta tsinke a bakin rijiya, guga ya tafi ƙasa. Muryar siririya, amma ba ta karkace ba ko kaɗan. Sai ta yi shiru, ta karkata kai wajen ƙofa kamar mai jiran sallama. Ta daɗe a haka. Daga nan ta ture kofin.

Na ɗauka waƙar daka ce ta mutanen da. Na lallasa, na yi faɗa, da ƙyar ta kurɓa.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Haka dai. Waƙa, shiru, ture kofi.

Asabar, 27 ga Afrilu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau ba lakwal, na zauna na saurara da kyau. Ashe akwai baiti na biyu, kuma sunan Yesu na ciki. Ba Annabi Isa ba, Yesu, yadda masu zuwa majami'a ke faɗi. Ba kunnena ba ne, ta maimaita.

Hajiya guda! Matar da ke tashin mu sallar asuba da ruwan randa, wadda goshinta ya yi baƙi don sujada. Ina ta samo wannan? Na tashi na rufe taga. Zafin da ake yi a Konni yanzu, nan da nan ta jiƙe da zufa, na buɗe. Na ji motsin maƙwabciya, na sake rufewa. Ni kaina ban san abin da nake yi ba.

Talata, 30 ga Afrilu

Mahfuz ya biyo da sassafe kafin ya buɗe shago, da mangwaro a leda. Na bar shi ya ji da kunnensa. Ya tsaya ƙiƙam a ƙofar ɗaki, leda a hannu. Da ta gama ta yi shirun nata, sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce ko dai shafar aljanu ce. Na ce aljanin da ya rasa wanda zai kama duk faɗin garin nan sai tsohuwar da ba ta iya tashi? Ya ce to a kai ta Alela, gidan gonarsa, can ba kunnen jama'a. Na ce sai dai a ɗauke mu tare. Ya tafi, da la'asar ya aiko da rediyo mai karatun Alƙur'ani, a ajiye kusa da kanta. Na ajiye. Tana jin daɗinsa kuwa, har tana bi da leɓe. Amma kofi na zuwa, sai rijiya da igiya.

Juma'a, 3 ga Mayu

Awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Da rana takan ɗan taɓa fura in na matsa, shi ke nan. Maigida ya kira daga Malbaza, suna lodin siminti za su yi arewa. Ya ce in yi haƙuri, tsufa ne. Haƙuri dai, haƙuri dai. Mai tuƙin kamyo, babbar motar kaya, ya fi kowa iya ba da haƙuri ta waya.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na bar ta da matar Mahfuz na shiga mota zuwa Illela wurin Kawu Barmo. Shi kaɗai ya rage a dangin Inna da ya san yarintarta. Na tarar da shi a zaure yana tufkar igiyar awaki. Da na faɗa masa, sai ya ajiye kabar ya ce, "Ashe ba ta mance ba."

Wai kakarmu tari ya kama ta mai tsanani, aka ɗora ta a jaki aka kai ta asibitin mishan na Galmi, lokacin bai daɗe da buɗewa ba. Inna ce 'yar jinya, ko haƙoran gaba ba ta gama sakewa ba. Kaka ta rasu can. Damina ta sauka, hanya ta ɓaci, gida kuma yunwa ake, kowa na ta kansa. Ba wanda ya je ɗaukar yarinya. Matan da ke aiki a ɗakin marasa lafiya suka riƙe ta, su ci da ita, su kwana da ita, har aka yi kaka biyu. Sannan ƙanen ubanta ya je ya taho da ita.

Ya ce da ta dawo tana rera wani abu in tana shara. Ƙanen uban ya ji, ya karyo tsumagiya. Sau ɗaya ya yi, ba a sake jin waƙa a bakinta ba, ko ta gaɗa. Maganar Galmi kuma aka binne ta, har Babanmu ya aure ta ya mutu bai sani ba.

Na ce Kawu, shekarun nan duka ba wanda ya gaya mana? Ya ce abin da aka ji kunyarsa ba waƙar ba ce, barin marainiya da aka yi a hannun baƙi. Ya ɗauki kabarsa ya ci gaba da tufka.

A mota na yi ta tunanin yarinyar nan mai wawulo. Ban taɓa tunanin Inna ta yi yarinta ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Kwana biyu ina kai-kawo, yau na cije na shiga gidan Mama Lauratu, nan bayan layinmu. Tsohuwar ungozoma ce, Kirista, mutuniyar Galmi. Ita ta karɓi haihuwata duka, ta ga abin da ko maigida bai gani ba, amma yau kunyarta nake ji kamar suruka. Na yi ta gaishe-gaishe har ta ce Madam, in ciki ne kika yi a waɗannan shekarun ki faɗa, ba a kanki farau ba.

Na rera mata baitin a hankali, da muryata irin ta ƙofar langa-langa. Ban rufe baki ba ta amsa: "Hannun Yesu ba ya gajiya." Haka kawai ya fito mata, ko tunani ba ta yi ba.

Ashe amshi ne! Shirun da Inna ke yi, amshi take jira.

Na zauna ta ba ni labarin waƙar, tana tsinke zogale. Ta ce tsohuwa ce ƙwarai, ta girmi kakanninmu. Turawan mishan suka zo da ita ta Najeriya, a cikin littafinsu. Wanda ya tsara ta can ƙasarsu, wasu su ce mutum ne da ya binne matarsa, wasu su ce wata makauniya ce. Ita dai ta ji labari kala-kala, kowa irin rashin da ya sani yake jingina wa mai waƙar. Da farko maganar jirgin ruwa take yi da babban teku, aka juya ta Hausa a haka, ana jan ta a hankali kamar akuyar da ba ta son zuwa kasuwa. Mutane suka ƙi kamawa. Wa ya taɓa ganin teku a Galmi? Sai wani tsoho mai haƙar rijiya, cikin waɗanda suka fara shiga addinin, ya ce a ba shi. Ya fitar da jirgin ya sa guga da igiya. Mata kuma suka raba ta biyu kamar waƙar daka, ɗaya ta bayar, sauran su amsa. Nan ta zauna.

A zamanin da, in ji ta, matan ɗakin jinya ba su raba kunun safe sai an yi ta. Yaran da ke jinya ake sa wa su bayar, don su daina guje-guje tsakanin gadaje. A bayar, a amsa, sannan kowa ya miƙo ƙwaryarsa. Ita ba ta riski Inna ba, a baya ta zo, amma ta tarar ana yi.

Na ce to har yau kuna yin ta? Ta ce a jana'iza ana yi, a ɗaurin aure ana yi, yara sun sa mata fiyano da ganga sun mayar da ita ta rawa. Sababbin waƙoƙi sun zo sun wuce, ita tana nan. Na ce don me? Ta ce, "Ɗiyata, wa kika sani wanda igiyarsa ba ta taɓa tsinkewa ba?"

Na dawo gida na tarar da kunun safe yadda na bar shi, ya yi yanar sama.

Asabar, 11 ga Mayu

Ta sha! Kofi guda cif, har ta lashe baki.

Mama Lauratu ta zo da hantsi, ta zauna bakin katifa. Inna ta bayar, ta amsa. Wallahi sai na ga Inna ta zabura, ta ɗago kai, ta ba da na biyu da ƙarfi. Suka yi ta yi, baitoci suna ta fitowa waɗanda ban taɓa ji ba, har da wanda Mama Lauratu ta ce an daina yi tun tana budurwa. Da aka ƙare Inna ta miƙo hannu biyu ta karɓi kofi kamar ɗiyar kirki.

Na yi murna, Allah ya sani. Amma bari in rubuta gaskiya tun da ba mai karantawa. Da na ga ta riƙe gefen zanen Mama Lauratu tana ce mata Yaya, kar ki tafi, kishi ya kama ni. Ni ke wanke mata kashi da fitsari. Ni dai Badi'a ce mai kawo ruwa.

Talata, 14 ga Mayu

Kullum tana zuwa, kullum Inna na sha. Jiya har da ɗan tuwo. Na daina rufe taga, na gaji.

Alhamis, 16 ga Mayu

Magana ta fita. A famfo wata ta tambaye ni wai gaskiya ne Hajiya ta canza layi? Na ce gaskiya ne, ke ma gobe za mu biyo ta kanki. Bakina ba ya jin magana, na sani.

Asabar, 18 ga Mayu

Mahfuz ya tari Mama Lauratu a zaure. Ban ji farkon ba. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, wannan ba zan ɗora masa ƙarya ba. Ya yi mata godiya, sannan ya roƙe ta don girman Allah ta dakata da zuwa. Ta ce ba kome, uwarsa ce, shi ke da iko. Ta leƙo ta ce mini in riƙa dama kunun da ruwa-ruwa. Ta tafi, tana jan ƙafarta mai ciwo.

Na sauke masa kwandon bala'i. Na ce tsoron bakin 'yan kasuwa ya fi masa ran uwarsa. Na ce da aka bar ta marainiya ina masu bakin suke? Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yaya, in ta cika da wannan a bakinta fa? Me za mu ce wa Allah?"

Ba bakin mutane ke damunsa ba ashe. Ni ma abin da ke hana ni sukuni ke nan, na dai ƙi faɗa.

Litinin, 20 ga Mayu

Ta bayar, ta juya tana neman Yayarta. Ba kowa sai ni da kofi. Ta yi ta kallon ƙofa, hawaye na bin kuncinta, ba ta ko share ba.

Laraba, 22 ga Mayu

Dabara ta ƙare wa mai dabara. Na je na ɗauki muryar Mama Lauratu a waya, na zo na ɓoye ta ƙarƙashin mayafi. Inna ta bayar, na danna. Amshin ya fito a makare, ga kukan zakara a ciki. Ta dube ni, ta dubi mayafin, ta juya fuska bango. Mantuwa ce ta kama ta, ba wauta ba.

Likita ya zo da yamma ya ɗaura mata ƙarin ruwa. Da ƙyar ya sami jijiya. Ya ce ruwan leda ba abinci ba ne, in san yadda zan yi.

Juma'a, 24 ga Mayu

Na je wurin Malam Zaidu, limaminmu, bayan an sauko masallaci. Na zayyana masa kome, har da Galmi. Ya ce ita Hajiya an ɗauke mata alƙalami, abin da ta shuka tana da hankalinta shi za ta tarar, kar mu wahalar da kanmu. Matan da suka riƙe marainiya kuwa, Allah ba ya mance alheri. Na ji sanyi. Sai na yi tambayar da ta kawo ni: ni fa, da hankalina, in na amsa mata?

Ya ja casbinsa. Ya ce shi ba zai ce in faɗa ba. Kuma ba zai ce in zuba ido uwata ta mutu da yunwa ba. Ya ce Allah ya san abin da ke cikin ƙirji, in je in yi ta addu'a.

Na je da kaya guda na dawo da biyu. Malamai ke nan.

Asabar, 25 ga Mayu

Na gwada da hanci, muryar kawai ba kalmomi. Ta saurara, ta ƙara karkato kai, tana jiran sauran. Kurɓa biyu ta yi don ta ga na matsa.

Lahadi, 26 ga Mayu

Ba ta iya zama sai an jingina ta. Muryar ma ta koma raɗa, amma ba ta fasa bayarwa ba.

Litinin, 27 ga Mayu

Ban je lakwal ba. Bari in rubuta wannan da kyau.

Na tashe ta na jingina ta a ƙirjina, ba nauyi ko kaɗan. Na kawo kofi. Ta motsa baki, igiya ta tsinke, guga ya tafi ƙasa. Ta yi shirunta. Ina jin ƙasusuwan bayanta suna hawa suna sauka, tana jira. Na ce a raina ya Allah, kai ka san ni, ka san wanda nake bauta wa. Na amsa.

Muryata ta fashe a tsakiya, na ja ƙarshen ya yi tsawo. Ta ba da na biyu, na amsa. Na uku. Sai na ga inuwa a ƙofa, ashe Mahfuz ne, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Na ce yau sai ta Allah, ban tsaya ba.

Inna ce ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni, kallo na sosai, irin wanda rabona da shi tun bara. Sai ta janye jikinta daga nawa, ta jawo mayafi ta gyara, ta kawar da fuska gefe. Ta ce wa Mahfuz, "Kai, gaya ma waccan ta bar jan waƙa. Wagga tun tana ƙarama ba ta da murya."

Mahfuz ya shigo a hankali ya durƙusa. Ya ce, "Wace, Inna?"

"Yayarka mana."

"Mene ne sunanta?"

Ta harare shi. "Kai ba ka da kunya?"

Ta karɓi kofin daga hannuna ba ta dube ni ba, kamar yadda ta saba karɓar kome daga hannuna tun ina yarinya. Mahfuz ya tallafa mata gindin kofin har ta shanye. Ni kuwa ina bayanta na toshe baki da zane don kar ta ji. Ba ni da murya, gaskiyarta. A gaɗa ma korata ake yi.

Ya tashi tafiya. Rediyon kawai ya ɗauka ya duba, ya ce batir ya yi sanyi, zai aiko da wani.

Na yi alwala na yi nafila, na yi istigfari, na yi godiya. Ban san wanne ya fi yawa ba.

Talata, 28 ga Mayu

"Badi'a, ba ni ruwa." An koma gidan jiya. Ba kome. Na amsa mata, ta sha rabi.

Juma'a, 31 ga Mayu

Kullum ina amsawa, kullum abin da take sha yana raguwa. Yanzu ba ƙi take ba, haɗiyar ce ta gagara. Likita ya ce mu bar ta ta huta da allura. Mahfuz ya rufe shago, yana zaune wurin ƙafafunta yana karatu. In lokacin kunu ya yi sai ya tashi ya fita zaure, in an gama ya dawo. Ba mu taɓa shirya haka ba.

Jiya da kansa ya ce in Mama Lauratu na son ta zo ta duba ta, ta zo. Ta zo, ta riƙe mata hannu, ba su yi waƙa ba.

Talata, 4 ga Yuni

Inna ta rasu jiya bayan azahar. An kai ta da la'asar.

Mahfuz na laƙƙana mata kalmar shahada, leɓenta na motsi. Ya ce ya ji ta faɗa. Ni ina wajen kai, ban ji sauti ba, motsin kawai na gani. Na bar shi a kan abin da ya ji. Allah ya jiƙan ki, Inna, ya sa kin huta.

Asabar, 8 ga Yuni

Gida cike da 'yan gaisuwa. Kawu Barmo ya zo daga Illela, maigida ya iso jiya. Mama Lauratu tun ranar farko tana madafa tare da mata, ba wanda ya ce mata kanzil. Wadda ta yi mini tambayar famfo ma na ga suna tsince shinkafa a faranti ɗaya.

Da safe ne abin ke kama ni. Na dama kunu na zuba a kofinta, sai da na kai ƙofar ɗaki na tuna.

Lahadi, 23 ga Yuni

An yi ruwa shekaranjiya, gari ya yi sanyi. Na fita kasuwa sayen kayan miya. Na bi ta layin majami'a, don hanyarmu duk taɓo ne. To, ba taɓo sosai ba, amma akwai.

Ban san lokacin da suke farawa ba, dacewa aka yi. Ina zuwa daidai itacen bedin da ke jikin katangarsu na ji fiyano, sai wata yarinya ta ɗauko igiya da rijiya. Sauri suke yi da yawa, gangar ta danne maganar, da Inna ce da ta ce ana koran su ne. Baitin nan na tsofaffi kuma ba su yi shi ba, tsallakewa suka yi. Ni ina ruwana.

Na duƙa gyara takalmi. Da jama'a suka ɗauki amshi, majami'ar duka, maza da mata, sai na ji katangar kamar tana numfashi. Ban ce na amsa ba. Mayafina na kan bakina, ba wanda zai ce ya ga wani abu. Na dai daɗe a duƙe har wani mai moto ya tsaya ya ce Hajiya lafiya?

Na ce takalmi ne. Na dawo gida ba tumatir ba albasa, sai da na aika a sayo. Takalmin kuwa lafiyarsa lau.